Yadda Ake Yaudarar 'Yan Baya A Wasan Hoki Na Kan Ƙanƙara

A watan Mayun 1991, ƙungiyar Pittsburgh Penguins ta shiga wasa na biyu na zagayen ƙarshe na Kofin Stanley cikin matsi, domin Minnesota North Stars ta doke ta a wasan farko. Sai Mario Lemieux ya taso a guje da faifai, wato ɗan dunƙulen baƙar robar da ke matsayin ƙwallo a wannan wasa, 'yan baya biyu na gabansa. Ya zura faifan ta tsakanin ƙafafun Shawn Chambers, ya wuce shi ya sake kamawa, sannan ya ja mai tsaron raga Jon Casey gefe guda, ya jefa a raga da bayan sanda. Pittsburgh ta ci wasan, ta kuma ɗauki kofin karo na farko a tarihinta.

Sirrin irin wannan yanka yana ƙafar ɗan baya. Shi da baya da baya yake sulɓi, a kan takalmi mai siririn kaifin ƙarfe, kuma ba ya iya juyawa sai ya ɗora nauyinsa a gefe ɗaya na kaifin. Da zarar ya ɗora, kafin ya dawo an bar shi a baya. Aikin mai kai hari ke nan: ya sa shi ya zaɓi gefe tun lokaci bai yi ba. Wani ya kan sauke kafaɗa hagu alhali dama ya nufa. Wani ya ɗaga sanda kamar zai buga da ƙarfi, ɗan baya ya ƙame ko ya durƙusa don tarewa, shi kuwa ya janyo faifan ya kewaye. Har ido ma ana yin ƙarya da shi.

Shi ya sa masu horarwa ke nanata wa 'yan baya cewa ƙirji za su kalla, ba faifai ba, tunda inda ƙirji ya fuskanta can jiki zai bi.

Dabarar tana da tsada idan ta ƙi. Wanda aka ƙwace wa faifai a bakin shuɗin layin abokan hamayya, lokacin da 'yan wasansu duk sun yi gaba, ya buɗe hanya zuwa ragarsu. Saboda haka masu horarwa da yawa a gasar NHL sun fi son ɗan wasa ya wurga faifan can ƙuryar fili a bi shi da gudu, musamman idan ƙungiyarsu ce a gaba kuma lokaci ya kusa ƙarewa.