Iyaye Mata Masu Farin Ɗankwali

Yau ga tambaya gare ki, uwargida: in aka zo da tsakar dare aka tafi da ɗanki, kika je wurin 'yan sanda aka ce ba a san shi ba, kika je barikin soja aka kore ki, kotu kuma ta ce babu sunansa a takarda, ina za ki nufa? Abin da ya sami matan ƙasar Ajantina ke nan, can Kudancin Amurka.

Ran 24 ga Maris 1976 soja suka ƙwace mulki, Janar Videla ya zama shugaba. Daga nan aka shiga kama mutane, yawancinsu samari da 'yan mata, ɗalibai da ma'aikata, ba shari'a, ba gawa, ba labari. Hukumar binciken da aka kafa bayan saukar soja ta lissafa mutum 8,961 da suka ɓace, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuwa sun ce sun kai 30,000.

Iyayen yaran nan a bakin ofisoshi suka san juna, wurin jiran amsar da ba ta zuwa. Wata matar aure, Azucena Villaflor, wadda aka kama ɗanta, ita ta ce musu yawon ofis ya isa haka, a tafi dandalin Plaza de Mayo da ke gaban fadar shugaban ƙasa a birnin Buenos Aires. Ran 30 ga Afrilu 1977 mata 14 suka hallara. Da yake doka ta hana taro, 'yan sanda suka riƙa ce musu su wuce, kada su tsaya. To, sai suka bi umarni: suka kama tafiya bibbiyu, hannu cikin hannu, suna kewaya dandalin. Suka tsai da kowace Alhamis da ƙarfe uku da rabi na yamma. Don su gane juna cikin jama'a, sai suka ɗaura farin ƙyallen ƙunzugun jarirai a ka, daga baya ya koma ɗankwali mai ɗauke da sunan ɗan da ya ɓace.

Kada ki zaci abin ya zo da sauƙi. Hukuma ta kira su mahaukata. A watan Disamba na 1977 aka kama Azucena da abokan tafiyarta biyu, aka jefa su teku daga jirgin sama, sai a 2005 aka tabbatar da gawarwakinsu. Amma fa sauran ba su fasa ba. Da aka yi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a ƙasar a 1978, 'yan jaridun waje suka ɗauki hotunansu, duniya ta ji kukansu. Soja suka sauka a 1983, aka yanke wa Videla ɗaurin rai da rai a 1985, kuma ko da yake an yi masa afuwa a 1990, an sāke ɗaure shi, a kurkuku ya mutu a 2013. Ƙungiyar kakanni mata kuwa ta gano sama da mutum 130 waɗanda aka raba da iyayensu tun suna jarirai.

Ke 'yar makaranta, ki lura da abin da ya riƙe matan nan. Ba su ɗauki ko tsinke ba. Bukatarsu ɗaya, a fili: ina 'ya'yanmu? Ba mai tafiya ita kaɗai, kuma sun tsai da rana da lokaci. Ke kuma uwargida, in maƙwabciyarki ta shiga irin wannan hali, kada ki ce ba ruwanki. Ki raka ta, ko da ofishin farko ne, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya tsare mana zuriya. Sai mun sadu a fili na gaba.