Man Kaɗe, Soda da Sikeli: Haɗa Sabulu a Gida a Ƙasar Yauri

A 'yan shekarun nan, haɗa sabulu da kyandir mai ƙamshi a gida ya shiga jerin abubuwan da matasa, musamman mata, ke koya ta waya ko a wuraren koyar da sana'o'in hannu. Kusan kullum tare ake kawo su. A Turai da Amurka, inda yayin ya taso, haɗa su ba laifi ba ne, domin a kanti ɗaya ake sayen kayan aikinsu, ga kuma sanyin da ke sa mutane su kulle tagogi su kunna kyandir. A masarautar Yauri kuwa, daga Yelwa da Bin Yauri zuwa Wara ta Ngaski, da Shanga, da ƙauyukan bakin tafkin Kainji, lissafin ya sha bamban. Sabulu ɗan gida ne a nan, kyandir kuwa baƙo. Duk wanda ke son ɗaukar wannan aiki don sha'awa, ya fi masa ya fara da sabulu, ya gina shi a kan man kaɗen da ƙasar ke bayarwa, ya kuma ƙara masa abu ɗaya da iyayenmu mata ba su samu ba, wato sikeli.

Kudancin jihar Kebbi, tare da Borgu da Kontagora a jihar Neja, na cikin yankunan da kaɗanya ta fi yawa a Najeriya. Ba shuka ta ake yi ba, da kanta take fitowa, manomi ya bar ta a gona idan ya zo sharar daji, kuma takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya sosai. Da faɗuwar damina mata da yara ke fita da sassafe suna tsintar 'ya'yan da suka zubo. A dafa ƙwallon, a shanya, a fasa, a daka, a soya, a niƙa, sannan a zauna a kan ƙwarya ana bugun ƙullin da hannu ana yayyafa ruwa har farin mai ya taso sama, a kwashe shi a tafasa. Aikin kwanaki ne mai cin kafaɗa. Mungo Park, Baturen nan da ya wuce ta Yauri a 1806 ya je ya mutu a Bussa, wadda ruwan madatsar Kainji ya shanye a 1968, tun a littafinsa na 1799 ya yaba man da ya ɗanɗana a ƙasar Mali ta yau, har ya fifita shi a kan man shanu. Yau kamfanonin man shafawa da na cakulan na duniya ke rububinsa. Abin da mai haɗa sabulu a Landan ke saye da tsada a 'yar kwalba, shi ne matar Shanga ke da shi a ɗaki.

Haɗa sabulun ma ba baƙon ilimi ba ne. Sabulun salo da ake yi tun kaka da kakanni, da ruwan toka da mai ake dafa shi. A ƙona kara ko ɓawo, a tace tokar, a dafa ruwan da mai ana juyawa har ya kama. Abin da ke faruwa a tukunyar ɗaya ne da abin da ke faruwa a masana'anta: sinadari mai kaifi ya gamu da mai, ya warware shi, su koma sabulu da wani ruwa mai laushin fata da ake kira gilisarin. Wani masani Bafaranshe, Michel Chevreul, shi ya fayyace wannan a 1823, alhali mata a Afirka ta Yamma sun daɗe suna yi ba tare da jiran bayaninsa ba. Bambancin kawai shi ne irin sinadarin. Wanda ke cikin toka sabulu mai taushi yake bayarwa, shi ya sa na salo ke narkewa idan an bar shi a jiƙe. Sodar da ake sayarwa a kasuwa, wadda masu sana'ar ke kira kostik, ita ke ba da sabulu mai tauri da za a yanka sanda-sanda.

To a nan ne sikeli ya zama dole. Ƙarfin ruwan toka ya danganta da irin karan da aka ƙona, don haka tsohuwa gwana da ido da hannu take gane ya yi, bayan shekaru tana yi. Soda ba ta san wannan ba. Kowane mai da adadin da yake ci: kilo ɗaya na man kaɗe na buƙatar kimanin giram 128 na soda, man gyaɗa 136, manja 141, man kwakwa kuwa ya haura 180. Masu hankali sukan rage kashi 5 cikin 100 na sodar domin ɗan mai ya rage a sabulun ya tausasa fata. Yanzu a dubi yadda ake cinikin mai a kasuwanninmu: da dunƙule, da kwano, da gwangwani, da kwalba. Dunƙulen wannan ba na waccan ba ne. Wadda ta auna soda da cokali ta zuba wa man da ta saya da dunƙule, caca take yi da fatar 'ya'yanta. Idan soda ta yi yawa sabulu ya ci jiki, ya bar kirci da zogi, idan ta yi kaɗan ya ƙi kamawa, ya yi ta tsattsafo mai har ya yi wari. Mafi yawan ƙorafin da ake yi wa sabulun gida daga nan ya samo asali, kuma ɗan sikelin batir na kicin ya isa ya kashe maganar.

Aikin kansa ba dogo ba ne. A auna ruwa kimanin ninki biyu na nauyin sodar, a zuba sodar cikin ruwan a hankali, ba ruwa a kan soda ba, domin yakan tafarfaso ya fallatsa. Haɗin zai yi zafi da kansa ya yi tururi mai shaƙe maƙogwaro, sai a ajiye shi a fili ya huce. A narkar da man kaɗe, a gauraya shi da man alayyadi ko na kwakwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu, saboda man kaɗe shi kaɗai ba ya kumfa sosai. A tsiyaya ruwan sodar cikin man ana juyawa ba tsayawa, har ya yi kauri yadda idan aka ɗiga shi a sama sai an ga shatin ɗigon kafin ya nutse. A lokacin ake sa turare, kuma na mai, domin na feshi mai sinadarin barasa kan daskarar da haɗin nan take. A juye a mazubi, a yanka bayan kwana ɗaya ko biyu, sannan a jera a inuwa mai iska na mako 4 zuwa 6. Wannan jiran ne masu gaggawar kai kaya kasuwa ke tsallakewa.

Wani zai ce soda guba ce, me ya kai ta gidan da yara ke rarrafe? Maganarsa gaskiya ce, kuma ba ta wasa ba. Asibitoci a Afirka ta Yamma sun sha karɓar yaran da suka kurɓi ruwan soda suna zaton ruwan sha ne, ya ƙona musu maƙoshi, wasu suka shekara ba sa iya haɗiyar tuwo. Kusan duk labarin iri ɗaya ne: an jiƙa soda an bar ta a kofi ko gorar ruwa. Maganin abin shi ne kada a jiƙa sai wadda za a yi aiki da ita a ranar, a kulle ragowar, a sa safar hannu da tabarau, a kuma guji tukunyar dalma, domin soda na cin ta. Idan sodar ta taɓa jiki a yi ta kwarara ruwa. Gidan da ba za a iya kiyaye wannan ba, ya tsaya a kan na toka, ba abin kunya ba ne.

Akwai kuma mai cewa sabulun kanti na nan birjik, wahalar ta mece ce? Idan don araha kaɗai ne, na kamfani zai iya cin nasara wani lokaci. Amma gidajen masunta da masu bandar kifi a bakin Kainji, inda ƙarni ba ya barin hannu da tufafi, sabulu suke ci ba kaɗan ba, kuma kilo ɗaya na mai na ba da sanda fiye da 12 masu giram 100. Wadda ta haɗa nata ta san abin da ke ciki, a zamanin da hukumar NAFDAC ke fama da sabulan bilicin masu ɗauke da sinadarin makuri. Sannan a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata 6, tana mai cewa Najeriya ke samar da kusan kashi 40 cikin 100 na abin da duniya ke samu, amma rabonta a cinikin bai kai kashi 1 ba. Farashin ƙwallo ya faɗi, kuma matan ƙauye masu tsinta ne suka fara ji a jika. Wadda ta iya mayar da manta sabulu tana da wata ƙofa idan dillali ya taya da wulaƙanci. Mai son sayarwa a fili dai sai ya nemi rajistar hukumar NAFDAC.

Kyandir fa? Ban ce haramun ba ne, amma ƙasar ba ta goyon bayansa. Kakin da ake yin na kasuwa da shi daga man fetur ake samunsa, sai an kawo daga nesa. Man kaɗe ba zai maye gurbinsa ba, tunda zafin jiki ma narkar da shi yake yi, balle ranar Yelwa ta watan Afrilu da kan kai digiri 40. Wurin ƙamshin ɗaki kuma turaren wuta da kasko sun riga sun kama, wurin haske tocila da fitilar sola sun karɓe, ga haɗarin harshen wuta kusa da gidan sauro da rufin ciyawa. Hanya ɗaya mai ma'ana ita ce kakin zuma, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 60, kuma masu ɗiban zuma kan matse saƙar su yar da shi. A narkar da shi a kwano bisa ruwan zafi, a tace da ƙyalle, a zuba a ƙaramin kofin tangaran da lagwanin auduga a tsakiya. Ƙamshin zuma ma ya ishe shi.

Ƙalubalen da ya fi duka nauyi daga daji yake. Itacen kaɗanya na yin gawayi mai kyau, kuma masu gawayi sun sani. Bishiyar da ta shekara 20 kafin ta haihu, yini ɗaya ya isa a kwantar da ita, kuma ba wanda ke dasa madadinta. Dokar hana sara ba ta cika isa ƙauye ba. Abin da ke hana gatari yawanci shi ne mai gona ya san matan gidansa na samun wani abu daga bishiyar kowace damina, kuma sabulu na daga cikin 'yan abubuwan da za su iya ƙara wa wannan samu auki ba tare da an jira kamfani ya zo Yauri ba.