Shin gwajin jini na ranar farko yana faɗin makomar mai kumburin fankiriyas?

Akwai maganar da ke yawo a bakin masu jinya idan tsakuwar matsarmama ta toshe bututu har fankiriyas ya kumbura. Wai takardar gwajin jini ta ranar farko ta gama magana: in lamba ta yi sama sai addu'a, in ta yi ƙasa a tattara tabarma a koma gida. Da ƙamshin gaskiya a ciki, amma kuskuren da ke tare da ita yana iya cin rai.

Lambar da ta fi firgita mutane ita ce ta amiles da lifes, sinadaran narkar da abinci da fankiriyas ke fitarwa. Idan suka kai ninki uku na ƙa'ida, suna taimakawa a gane cutar, amma yawansu ba ya nuna tsananinta. Mai lamba dubbai yana iya tashi garau cikin mako guda. Wanda ke da alaƙa da tsanani shi ne CRP, sinadarin da hanta ke sakewa idan jiki ya kumbura, kuma likitoci suna ɗaukar 150 mg/L bayan awa 48 a matsayin gargaɗi. Sai dai CRP ba ya sauri, yakan kai ƙololuwa a kwana na biyu zuwa na uku. Mutumin da aka kawo da daddare yana dafe da ƙahon zuci yana amai, ciwon yana sukarsa har gadon baya, CRP ɗinsa na iya fitowa ƙasa alhali wutar ba ta gama ruruwa ba.

Wani zai ce ai kwatanta nau'o'in fararen ƙwayoyin jini yana nuna tsananin da wuri, kuma da araha. Gaskiya ne. Amma wannan lissafin yana hawa da cututtuka da dama, har da ruɓewar bututun matsarmama, wadda ita ma tsakuwar ce ke jawo ta, kuma tana bukatar a buɗe bututun da gaggawa. Shi ya sa ƙa'idar Atlanta ta rarraba wannan cuta, wadda aka sabunta a 2012, ta auna tsanani da gaɓoɓi: huhu, ƙoda ko zuciya su gaza fiye da awa 48. Amfanin gwajin jini shi ne ya nuna wanda za a sa wa ido sosai.

Don haka mai jinya, kada ka nemi sallama saboda takardar farko ta yi kyau. Ka lura da numfashinsa da yawan fitsarinsa, ka kuma tambayi likita yaushe za a cire matsarmamar, domin muddin tana nan da tsakuwa, ciwon yana iya dawowa.