Yadda zafin inji a rairayin Tenere ke cinye ruwan shan fasinja

Tsakanin Agadez da Dirkou, a arewacin Jamhuriyar Nijar, akwai tafiyar sama da kilomita 500 da babu kwalta, babu gareji, kuma rijiyoyin da ke kan hanyar ba su da yawa. Akasarin tafiyar a cikin hamadar Tenere ake yin ta. Motocin da suka fi bin hanyar su ne Toyota Hilux da Land Cruiser, waɗanda a Nijar ake kira kat-kat saboda suna ja da ƙafa huɗu.

Waɗannan motoci sun yi suna wajen juriya, amma rairayi mai zurfi yana sa injinsu ɗaukar zafi fiye da kowace irin hanya. A cikin gari, idan mota ta ɗauki zafi, direba ya gangara gefen titi ya kira makanike. A Tenere kuwa, duk litar ruwan da za a ƙara wa lagireto daga jarkar ruwan shan fasinjoji za ta fito.

An sha ganin abin da lalacewar mota ke jawowa a wannan yanki. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace. A farkon watan Yunin 2017 kuma aka ba da labarin mutuwar mutum 44, 'yan Ghana da Najeriya, a hanyar Dirkou, su ma bayan motarsu ta tsaya. Ƙishirwa ce ta kashe su duka. Abubuwan da ke tsayar da mota a hamada suna da yawa, sai dai ɗaukar zafi ya fita daban, domin yana kashe inji, yana kuma ƙarar da ruwa a lokaci guda.

Abin da ya sa rairayi ke dafa inji

Inji ba ya mayar da duk man da ya ƙona ya zama ƙarfin tafiya. A ƙiyasi, kusan kashi ɗaya bisa uku ne ke juya tayoyi, wani kason ya fita ta salansa, sauran kuma ya zama zafin da dole ruwa ya kwashe ya kai lagireto, iska ta huce shi. Injin da ke da lafiya yakan yi aiki ne a tsakanin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyos.

A kan kwalta, gudun motar kansa ke tura iska cikin lagireto. A rairayi mai zurfi kuwa lissafin ya juye. Taya tana nutsewa, kullum tana ture tulin yashi a gabanta, tamkar motar na hawan tudun da ba ya ƙarewa. Direba ya koma ƙaramar giya, ya taka totur sosai, inji na ta kuka amma motar ba ta wuce gudun kilomita 15 ko 20 a awa ba. Ke nan inji yana haifar da zafi mafi yawa a daidai lokacin da iskar da ke shiga lagireto ta fi ƙaranci.

Ita ma iskar ba mai sanyi ba ce. A Bilma da sauran garuruwan Kawar, zafin rana kan haura digiri 40 daga watan Mayu har zuwa Satumba, saman rairayin kuma yakan haura 60 da tsakar rana. Lagireto yana huce ruwa ne gwargwadon tazarar da ke tsakanin zafin ruwan da na iskar waje. Idan tazarar ta ragu, aikinsa ya ragu.

Akwai kuma batun inda iska ta fuskanta. Iskar da ta fi kaɗawa a Tenere daga arewa maso gabas take tasowa, don haka mai dawowa daga Dirkou zuwa Agadez sau da yawa tana bayansa. Idan mota na gudun kilomita 20 kuma iska na bin ta da irin wannan gudu, kusan babu abin da ke shiga ta gabanta. A nan fanka ce kaɗai ta rage wa inji.

Lahanin da kwalta ke ɓoyewa

Mota na iya shekara tana zirga-zirga tsakanin Zinder da Agadez allurar zafinta ba ta taɓa motsi ba, amma ta tafasa a rabin yinin farko cikin rairayi. Dalili shi ne akwai ƙananan lahani da gudun kwalta ke rufa wa asiri.

Na farko shi ne fanka. A yawancin waɗannan motoci fankar tana da wani kulocin da ke aiki da mai mai kauri, wanda ke kama ta da ƙarfi idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi. Idan man ya tsiyaye, fankar za ta ci gaba da juyawa, ido zai gan ta lafiya, amma ba ta jan iskar kirki. Haka ma idan robar da ke kewaye da fankar ta fashe aka cire ta ba a mayar ba, fankar sai ta riƙa jan iska daga gefe maimakon ta cikin lagireto. Fambel mai sako-sako shi ma yana rage ƙarfin fanka da famfon ruwa.

Na biyu shi ne murfin lagireto, wanda ba a cika ɗauka da muhimmanci ba. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100. Murfin yana riƙe matsin da ya kai kusan bar ɗaya, wanda ke ɗaga wurin tafasar zuwa wajen digiri 120. Idan robarsa ta mutu, wannan rata ta digiri 20 ta tafi, ruwa ya fara zama tururi yana ficewa tun inji bai kai ga haɗari ba.

Na uku shi ne irin ruwan da ake zubawa. Kawar ƙasar gishiri da kanwa ce, kuma ruwan rijiyoyi da yawa a hamada yana ɗauke da ma'adinai. Idan aka saba cika lagireto da shi, sai ya bar farin dasashi da tsatsa a cikin siraran bututun, su toshe ɗaya bayan ɗaya. Ruwan sanyaya inji na kanti, mai launin kore ko ja, yana hana tsatsa, yana kuma ƙara ɗaga wurin tafasa kaɗan.

Ta waje ma lagireto na toshewa. Ƙura mai laushi kamar gari, da busasshiyar ciyawa da ƙwari, suna cika tsakanin haƙoransa, musamman idan akwai ɗigon mai da za su manne a kai. Manyan fitilu da jarkoki da kayan da ake ɗaurawa a gaban mota su ma suna tare hanyar iska.

Sannan akwai al'adar cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya ɗumama. Kanikawa da yawa a Najeriya da Nijar suna cire shi da hujjar cewa na ƙasashen sanyi ne. Cirewar ba ta ƙara wa lagireto girma. A injinan da bawul ɗin ke rufe wata gajeriyar hanyar ruwa idan ya buɗe, cire shi kan bar wani ɓangare na ruwan yana kewaya inji ba tare da ya bi ta lagireto ba. Idan ya lalace, sauya shi ne gyara.

Lodi, lokaci da iskar taya

Hilux an ƙera ta ne don ɗaukar kayan da ba su wuce kusan tan ɗaya ba. A hanyar Libiya an saba ganin ta da mutum 20 zuwa 25 a baya, kowa ya saƙalo ƙafa waje yana riƙe da sandar da aka kafa don kada ya faɗo, ga jarkokin mai da na ruwa a ƙarƙashinsu. Motocin da ke kai ma'aikata da ruwa wuraren haƙar zinare, tun bayan gano shi a Djado a 2014, su ma ba a raga musu lodi. Kowane ƙarin nauyi yana ƙara nutsar da taya, nutsewar taya kuma tana ƙara wa inji aiki.

Hanya mafi arha ta rage wannan wahala ita ce sace iskar taya. Idan aka rage ta daga sama da bar biyu zuwa wajen bar ɗaya, tafin tayar ya yi tsawo, motar ta hau saman rairayi maimakon ta yi ta haƙa. Sai dai tayar da aka sace wa iska ba ta son gudu ko kwana mai kaifi, kuma dole a sake busa ta kafin a shiga duwatsu. Don haka famfon taya yana cikin kayan da ba a bari a gida.

Lokacin tafiya ma yana da tasiri. Da asuba rairayi ya fi tauri, iska ta fi sanyi. Daga hantsi zuwa la'asar yashin ya saki, rana ta take. Direban da ya yada zango a waɗannan sa'o'i ya yi asarar lokaci, amma ya adana inji da ruwa.

Idan allura ta fara hawa

Matakin farko shi ne sassauta ƙafa a kan totur da kashe na'urar sanyaya cikin mota, domin nata ɗan lagireton yana gaban na inji, yana aika masa iska mai zafi. Kunna hita har ƙarshe, duk da azabar da ke cikin hakan, yana janye wani zafin daga ruwan inji.

Idan allurar ba ta sauko ba, sai a nemi wuri mai tauri a tsaya, a juya gaban motar ya fuskanci iska, a buɗe bonet, a bar inji yana silo don famfo da fanka su ci gaba da aiki. Amma idan tiyo ya fashe, ko fambel ya tsinke, ko tururi na fita, kashe inji nan take shi ne daidai, tunda babu ruwan da ke kewayawa.

Kuskure biyu ne suka fi yin ɓarna. Buɗe murfin lagireto da zafinsa yana sa ruwan ya tafasa lokaci guda, ya yi tsiri ya ƙona fuska da hannu, ya kuma zube a rairayi. Tuttula ruwan sanyi cikin injin da ya yi jawur kuwa na iya tsaga kan injin. Haƙurin rabin awa ko fiye ya fi duka biyun sauƙi. Wanda ya dage da tafiya allura na kan ja, gasket ɗin saman inji ne zai ƙone. Daga nan motar za ta riƙa shan ruwa komai yawan abin da aka zuba mata, ƙarshenta inji ya buga.

Hilux kan ci wajen lita takwas zuwa goma kafin lagireto da inji su cika. A zafin bazara wannan ruwan shan mutum biyu ne na yini guda, ko ma ƙasa da haka. Shi ya sa ware jarkar mota daban da ta mutane tun daga tasha yake da muhimmanci, tare da tiyo da fambel da murfin lagireto na ko-ta-kwana.

Kariya mafi girma dai ita ce tafiya cikin ayari. An daɗe da sanin jerin gwanon da ke tashi daga Agadez ranar Litinin da rakiyar sojoji. Bayan Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015, direbobi da yawa sun koma bin ɓoyayyun hanyoyi, nesa da rijiyoyi da sauran motoci, inda ƙaramar matsala ke zama ajali. Gwamnatin soja ta soke dokar a watan Nuwamban 2023, motoci suka dawo fili.

Soke dokar bai rage zurfin rairayi ko zafin rana ba. Ga fasinjan da ke shirin hawa mota a Agadez, tambayoyin da suka fi kuɗin mota muhimmanci su ne mutum nawa za a ɗauka, motoci nawa za su tafi tare, kuma lita nawa aka ware wa lagireto.