Ko Kun Sani? Sunayen Kakanni Na Riƙe Da Labarin Wabi

Ko kun san mai bin salsalar gidansu a Damaga, Bakura, Maradun ko Talata Mafara da wuya ya sami takardar haihuwar kakansa? A ƙauyukan da, tsofaffi ne ke riƙe da lissafi, kuma galibi rayayyu suke ƙirgawa.

Amma sunaye na ba da labarin yaran da suka rasu. In ka ji Ajuji, Ayashe, Abarshi ko Abarta a cikin dangi, akasari uwarsu ta sha wabi, wato 'ya'yanta sun yi ta mutuwa suna ƙanana. Sai a ɗora jaririn kan juji na ɗan lokaci, ko a huda masa kunne ko da namiji ne, a nuna kamar ba a damu da shi ba, alhali zuciyar uwa na dukan uku-uku. Agana, ƙyanda, sanƙarau da yunwa irin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 sun fi ɗibar 'ya'yan talakawa.

Abin takaici, matsalar mutuwar yara ba ta kau ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma yara 187 cikin 1,000 na rasuwa kafin shekara biyar.