Zama matuƙin jirgin sama: Abin da ɗan Tambuwal ko Kebbe ya kamata ya sani kafin a sayar da gona

Duk shekara maniyyata daga ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe kan nufi filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da ke Sakkwato domin tashi zuwa Saudiyya. Daga cikin matasan da ke yi musu rakiya akwai masu burin wata rana su zauna a kujerar matuƙi.

Burin mai yiwuwa ne, sai dai akwai shingaye guda uku da ke tare mutane da dama.

Na farko yana sakandare

Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wato NCAT, wadda aka kafa a 1964, ita ce babbar makarantar gwamnati da ke wannan horo. Akwai kuma wata kwalejin a Ilorin.

Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks. Ke nan yaron da bai shiga ajin kimiyya ba tun daga SS1, ko wanda makarantarsu ba ta da malamin Fiziks, ya fara tafiyar da tangarɗa. Turanci ma ba na cin jarrabawa kaɗai ba ne, domin da shi matuƙi ke magana da hasumiyar filin jirgi.

Na biyu shi ne lafiya

Hukumar NCAA, mai ba da lasisin tuƙi a Najeriya, ba ta barin kowa ya yi tuƙin kasuwanci sai ya ci gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya. Ana duba ido da kunne da zuciya da hawan jini. Wanda ba ya iya bambance launuka na iya faɗuwa a nan.

Tunda kuɗin horon ya kai miliyoyin naira, ya kamata a fara yin wannan gwaji kafin iyali su sayar da gona ko shanu.

Na uku: lasisi ba aiki ba ne

Bisa ƙa'idar hukumar ICAO ta duniya, lasisin farko na buƙatar sa'o'i 40 a sama. Na kasuwanci na buƙatar sa'o'i 200, ko 150 a kwas na musamman da aka amince da shi, da kuma shekara 18. Kyaftin na jirgin fasinja kuwa sai ya tara sa'o'i 1,500.

Bayan lasisin, akwai horo na daban a kan samfurin jirgin da mutum zai tuƙa, kamar Boeing 737 ko Embraer. Galibi a ƙasashen waje ake yin sa, da dala ake biya, kuma kamfanoni da yawa sun fi son wanda ya riga ya yi.

Abin da ya faru a Kano darasi ne. A 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jordan koyon tuƙi. Sun dawo da lasisi, amma da yawansu sun daɗe ba su samu jirgin tuƙawa ba saboda rashin wannan horo na ƙarshe. Gashi kuma lasisi da takardar lafiya sai ana sabunta su, wanda shi ma kuɗi ne.

Ina mafita?

Akwai kamfanonin jirage na 'yan Arewa, irin su Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal da Rano Air, kuma dukkansu na buƙatar matuƙa.

Don haka duk wanda zai ɗauki nauyin ɗalibi daga mazaɓar Kebbe da Tambuwal, gwamnatin jiha ce ko ɗan majalisa ko attajiri, ya kamata lissafinsa ya kai har horon samfurin jirgi, ya kuma nemi yarjejeniya da kamfanin da zai ɗauki yaron tun kafin ya tafi. Su kuwa iyaye, aikinsu na farawa ne ranar da yaro ko yarinya za su zaɓi aji a sakandare.