A Fara wa Yaro Karatu da Harshen Gidansu

A ƙauyukan Ƙwanni, Malbaza da Illela, yaro yakan shiga lakwal bai taɓa jin faransanci ba, amma da shi mushe zai tarbe shi tun ranar farko. Sai ya yi ta maimaitawa kamar aku, har shekara uku ta wuce bai iya karanta wasiƙa ba. Alhali kuwa ubansa, manomin albasa a Galmi, in ya dage da ajin yaƙi da jahilci rani biyu, da hannunsa yake rubuta lissafin buhunansa da hausa.

Maganin ba baƙo ba ne. Tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji a Damagaram, inda hausa take gaba, faransanci ya biyo baya. Dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunanmu gurbi a aji, a 2025 kuma hausa ta zama harshen ƙasa.

Saura malamai da littattafai. Mu da muka fito makarantar horon malamai mun san da yawanmu ba su bambanta k da ƙ a allo. Ya kamata makarantar Tawa ta jarraba kowane ɗalibi a ƙa'idar rubutun hausa kafin a tura shi ƙauye, a kuma haɗa shi da littattafan ajinsa.